Darasin Kiwon Lafiya: Shin Cikar Leda Da Magani Ita Ce Kyakkyawar Kulawa?

Darasinmu na wannan karo zai tsaya ne a kan wani abu da kowacenmu ta sha riƙewa a hannunta, amma ba kasafai take tsayawa ta dube shi da idon basira ba, wato ledar maganin da ake miƙo mana ta taga a ƙaramin asibiti, ko wadda maigida kan shigo da ita daga kemis. Za mu ga yadda masana ke auna ko ana amfani da magani yadda ya kamata a irin waɗannan asibitoci, da kuma inda hannunmu mu mata yake a cikin lamarin, domin kuwa yana ciki dumu-dumu.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne wata ziyara da na kai da damina zuwa Gidan Katta, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Illela a Jihar Sakkwato, can kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Na sauka gidan wata ƙanwata, na tarar da ɗanta mai shekara biyu kwance bisa tabarma, kwana uku ke nan yana fama da zazzaɓi da zawo. Na ce mata ko an kai shi asibiti? Sai ta ce: "An kai shi Yaya, amma likitan bai ba mu wani abin kirki ba. Ukku kaɗai yar rubuta, ko allura bai yi mai ba." Daga nan ta shiga ɗaki ta ɗauko wata samira cike da kwalabe da ƙwayoyi, ta dire a gabana.

Na ƙirga, magani iri takwas. Uku daga asibiti suka fito: maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka ba ta bayan an tsaga yatsan yaron an gwada jini, da garin gishiri da sukari na zawo, da ƙwayar zink. Sauran biyar ɗin kuwa 'yan gida ne suka tara su don tausayi. Maigida ya sayo Septrin da Panadol ranar kasuwar Illela, ƙanin miji ya kawo Bactrim da Doliprane daga Birnin Ƙonni, uwar miji kuma ta ba da wani ruwan maganin haƙori. Abin da babu wanda ya sani a gidan shi ne, Septrin da Bactrim magani ɗaya ne, suna kawai ya bambanta. Haka Panadol da Doliprane duk farasitamol ne, kuma da na duba kwalbar maganin haƙorin, shi ma akwai farasitamol a cikinsa. Wato yaron yana shan magani ɗaya ninki uku, wani kuma ninki biyu. Garin gishiri da sukarin ko buɗe shi ba a yi ba, wai ai wannan ruwa ne kawai. Maganin zazzaɓin kuma sau biyu aka ba shi cikin sau shida, da jiki ya ɗan yi sanyi sai aka ajiye sauran don wata rana.

Washegari muka koma wurin ma'aikacin lafiya da samirar ɗungurungum. Ya ce a tsayar da biyar ɗin nan, ya sake ba da maganin zazzaɓi daga farko, yaro kuwa cikin ikon Allah ya miƙe. To ashe wanda aka zarga da rowar magani shi ne ya yi daidai.

Mene Ne Amfani Da Magani Yadda Ya Kamata?

A shekarar 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a birnin Nairobi na ƙasar Kenya, inda suka amince a kan ma'anar wannan magana. A taƙaice, ana cewa an yi amfani da magani yadda ya kamata idan majinyaci ya samu maganin da ya dace da ciwonsa, a gwargwadon da ya dace da jikinsa, na tsawon kwanakin da suka dace, kuma a farashi mafi sauƙi gare shi da al'ummarsa. Ku lura da sharaɗin ƙarshen nan na kuɗi, domin shi ne ake yawan mantawa. Maganin da ya cinye kuɗin cefanen mako guda alhali akwai irinsa mai araha da zai yi aiki iri ɗaya, bai cika sharaɗi ba, ko da kuwa majinyacin ya warke.

Ita dai wannan hukuma ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan da ake rubutawa ko sayarwa a duniya ba a kan ƙa'ida ake yi ba, kuma rabin marasa lafiya ba sa shan maganinsu yadda aka ce su sha. Saboda haka matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce, ba kuma ta waɗanda ba su yi boko ba ce. Sai dai a wuri irin Illela, inda babban asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake can cikin birnin Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 80, ƙaramin asibitin mazaɓa shi ne ƙofar farko, sau da yawa ma shi ne ta ƙarshe. Idan aka yi kuskure a nan, ba lallai a samu mai gyarawa a gaba ba.

Yadda Masana Ke Yin Awon

A 1993 hukumar ta fitar da wani ɗan littafi mai koyar da yadda za a binciki amfani da magani a ƙananan asibitoci. Abin sha'awa, awon ba ya bukatar na'ura ko ɗakin gwaji. Takarda da biro ne, sai iya ƙirga. Mai bincike zai je asibiti ya ɗauko rajista ko katunan marasa lafiya, ya tsamo wasu ba tare da zaɓe ba. Idan yanki guda ake son aunawa, ana so a duba aƙalla katin mutum 600, misali asibiti 20, kowane kati 30. Idan kuwa asibiti ɗaya ake son a san halinsa, sai a duba kati 100.

A kowane kati abu biyar ake ƙirgawa. Magani nawa aka rubuta wa mutum ɗaya? An rubuta shi da sunansa na asali ko da sunan da kamfani ya laƙaba masa? Akwai antibayotik a ciki, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya irin su amoksisilin? Akwai allura? Sannan maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa? Wannan jeri kuwa yana da tarihi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata na farko a 1977, Najeriya kuma ta kafa nata da doka a 1989, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya. Manufarsa a ware 'yan magungunan da aka tabbatar da amfaninsu da araharsu, waɗanda suka ishi yawancin cututtukan jama'a.

Bari mu yi misali don a gane lissafin. A ce an duba kati 100 aka tarar jimillar magungunan da aka rubuta 380 ne. Idan aka raba, kowane mutum ya tashi da kusan magani huɗu ke nan. A ce kuma kati 60 daga ciki suna da antibayotik, 35 suna da allura. Sai a ɗora waɗannan a kan ma'auni. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ya nuna cewa a ƙaramin asibiti, matsakaicin abin da ake rubuta wa mutum ɗaya kada ya wuce magani biyu, masu samun antibayotik kada su kai kashi 30 cikin 100, masu samun allura kuma kada su kai kashi 20. Sunan asali da jerin muhimman magunguna kuwa ana son su cika ɗari bisa ɗari. Asibitin misalinmu ya faɗi ke nan a duka uku na farko. Ba ana nufin kowane majinyaci magani biyu zai samu ba, a'a. Tsohuwa mai hawan jini da ciwon sukari tana iya bukatar huɗu, wani kuma mai mura ba ya bukatar ko ɗaya. Matsakaici ake dubawa.

To yaya abin yake a zahiri? A 2016 an wallafa wani nazari da ya tattara bincike 43 da aka yi a ƙasashen Afirka 11 tsakanin 1995 da 2015, duk a ƙananan asibitoci. An samu cewa ana rubuta wa mutum ɗaya magani uku da ɗan ɗoriya, kusan kashi 47 cikin 100 na marasa lafiya ana ba su antibayotik, ɗaya cikin huɗu ana yi masa allura, kuma kashi 68 ne kawai na magungunan ake rubutawa da sunan asali. Kun ga duk an zarce ma'auni.

Me ke kawo haka? Dalilan suna da yawa. Akwai ƙarancin ma'aikata, ga layi ya yi tsawo. Akwai rashin kayan gwaji, wanda kan sa ma'aikaci ya rubuta maganin cuta uku a lokaci guda don ko ɗaya ya dace. Akwai kuma batun kuɗi. Tun daga taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987 aka ɓullo da tsarin asusun magani mai juyawa, wato asibiti ya sayar da magani ya sake sayo wani da kuɗin. Tsarin ya taimaka wajen samar da magani a ƙauyuka, amma duk inda mai rubuta magani shi ne kuma mai cin ribar sayar da shi, sai an kai zuciya nesa. Dalili na ƙarshe kuwa, kuma shi ne ya fi shafarmu, shi ne mu kanmu. Ma'aikacin lafiya mutum ne, a cikin gari yake zaune. Idan ya san cewa duk ranar da ya ba da magani biyu za a fita ana cewa bai iya aiki ba, a koma wurin wanda ke cika leda, to sannu a hankali shi ma zai fara cika ledar.

Ja-Da-Rawaya Da 'Yan'uwansa

A nan nake son mu ɗan daɗe, domin antibayotik shi ne maganin da muka fi zalunta. Kowace gida akwai shi: kafso ja-da-rawaya, ja-da-baƙi, Flagyl, Septrin, da Ampiclox na ɗigawa da ake ɗura wa jariri tun ranar da aka haife shi ba tare da wani ciwo ba. Ciwon ciki kafso, mura kafso, ƙurji a fasa kafso a barbaɗa.

Abin da ya kamata mu gane shi ne ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, su ne antibayotik ke kashewa. Akwai kuma bairos, su ne ke kawo yawancin mura da tarin sanyi da kuma mafi yawan zawon yara, kuma antibayotik ba ya yi musu komai. Yaron da aka ba Septrin don mura, ya warke bayan kwana biyar, ba Septrin ne ya warkar da shi ba, dama lokacin warkewarsa ne ya yi. Amma maganin bai tafi a banza ba, ya yi ɓarna. A cikin hanjin kowane mutum akwai bakteriya masu ɗimbin yawa. Duk lokacin da aka sha antibayotik, masu rauni cikinsu sai su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Yau da gobe sai a wayi gari maganin ba ya jin su. Ranar da ciwo na gaske ya zo, kamar ciwon huhu ko zazzaɓin bayan haihuwa, sai a ba da maganin da aka saba ya ƙi aiki, a koma neman mai tsada wanda ƙila sai an je Sakkwato. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin antibayotik, kuma idan aka yi la'akari da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa illa.

Shi ja-da-rawaya, wato tetirasaikilin, yana da wani aibin na daban: ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, domin yana rina haƙoran yaro su yi duhu har girmansa.

Zawon yara na ruwa-ruwa maganinsa shi ne abin da ƙanwata ta raina. Abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne, garin gishiri da sukari kuwa shi ke mayar da ruwan. Tun 2004 aka ƙara da ƙwayar zink, ana ba yaro kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, domin tana rage tsawonsa kuma tana kare shi daga dawowa nan kusa. A ci gaba da ba shi nono da abinci. Idan aka ga jini a bayan-gida, ko yaro ya kasa sha, ko idanunsa sun zurma, wannan kam sai asibiti nan take. Shi kuwa tari, abin lura shi ne numfashi. Yaro ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya da ke numfashi sau 50 ko fiye a minti guda, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar da ke yin sau 40 ko fiye, ko wanda ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa idan ya ja numfashi, wannan shi ne mai bukatar a gan shi, kuma a nan ne antibayotik ke ceton rai. Idan an rubuta shi, a shanye shi har ƙarshen kwanakin da aka faɗa.

Zazzaɓi ma haka. Najeriya ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, shi ya sa duk zafin jiki muke kiransa maleriya. Amma tun 2010 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a gwada jini kafin a ba da magani, gwajin yatsa kuwa ba ya wuce minti 20. Kulorokwin da iyayenmu suka sani an daina amfani da shi a matsayin maganin maleriya a ƙasar nan tun wajen 2005, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Wanda ya maye gurbinsa, irin su Coartem, sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki idan an sha shi da nono ko abinci mai maiƙo. Tsayar da shi a sau biyu kamar kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Wata al'ada kuma da ta zama ruwan dare ita ce a ce wa kowa "maleriya da taifod", a haɗa masa da antibayotik. Gwajin jinin nan na Widal da ake dogara da shi, idan sau ɗaya aka yi shi ba ya tabbatar da taifod, yakan nuna akwai alhali babu.

Son Allura

Yawancinmu mun taso da imanin cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, ƙarin ruwa kuma ya fi allura. Akwai matar da idan ba a rataya mata leda ba, gani take ba a duba ta ba. Gaskiyar magana ita ce, ga mutumin da ke iya haɗiya kuma ba ya amai, yawancin magunguna ta baki suna aiki daidai da na allura, ga araha, ga aminci. Allura ta huda fata ce, duk abin da ke bakinta ya shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 alluran da ba su da tsabta sun sa wa mutum miliyan 21 ciwon hanta nau'in B, miliyan 2 nau'in C, da mutum dubu 260 cutar ƙanjamau. An samu sauƙi sosai daga baya saboda sirinji mai amfani sau ɗaya, amma mai yawo da jaka ƙauye-ƙauye yana yi wa mutane allura a ƙarƙashin bishiya, wa ke duba nasa? Ban da wannan akwai ƙurjin allura, akwai kuma yaran da aka soka wa a ɗuwawu aka taɓa jijiya, ƙafa ta shanye.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai inda allura ita ce magani. Yaron da maleriya ta yi wa tsanani, yana jijjiga ko ya fita hayyacinsa, allurar atesunet ake yi masa na aƙalla awa 24, sannan a biyo da ƙwaya ta kwana uku cikakku. Allurar rigakafi kuma ba ta ma cikin wannan lissafi, masu awon ba sa ƙirga ta, domin ita kariya ce da ake son kowane yaro ya samu.

Wadda nake roƙon mu guje wa ita ce allurar naƙuda da ake kiran wani ya zo gida ya yi wa mace don haihuwa ta zo da sauri. Oksitosin magani ne mai amfani a hannun ungozomar asibiti, musamman wajen tsayar da jini bayan haihuwa, amma idan aka yi shi da ka tun yaro yana ciki, yana iya fasa mahaifa ko ya galabaitar da jaririn. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba wa masu haihuwa a gida ƙwayar mizofurostol guda uku don hana zubar jini, da man kulohekzidin na shafa wa cibiya. Dukansu alheri ne, amma dubi yadda rashin bayani ke juya alheri: ƙwayoyin bayan yaro ya fito ake sha, ba kafin ba, man kuma na cibiya ne kaɗai. A 2019 sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi saboda jariran da aka sa wa shi a ido a wasu ƙasashen Afirka bisa kuskure, wasu har suka makance.

Abin Da Ke Faruwa A Bakin Taga

Awon masana bai tsaya a kati ba. Mai bincike yakan zauna da agogo ya ga minti nawa ma'aikaci ke yi da majinyaci, da daƙiƙa nawa mai ba da magani ke yi yana bayani. Yakan duba ko duk abin da aka rubuta an samu a asibitin, ko an rubuta wa kowace 'yar leda sunan majinyaci da sunan magani da lokacin sha. Daga ƙarshe sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi masu fita: wannan yaya aka ce ki sha shi? A ganina wannan tambaya ita ce zuciyar awon gaba ɗaya, domin ko an rubuta magani daidai, idan uwa ta isa gida ba ta san na safe da na dare ba, aikin ya tashi a banza.

A nan kunya ke cutar da mu. Mace za ta karɓi leda ta ce na gode, ta juya, alhali ba ta ji abin da aka ce ba. Wata kuma ba ita ta je ba, maigida ne ko yaro aka aika, bayanin ya zube a hanya. 'Yar'uwa, haƙƙinki ne ki tsaya ki ce: "Malam, mene ne sunan wannan? Na mene ne? Sau nawa, kwana nawa? Ina da ciki, ko ina shayarwa, ba matsala?" Idan ba kya karatun boko, ki ce a yi miki zane a jikin ledar, ko a faɗa miki da lokutan salla, wanda ya fi sauƙin riƙewa. Maganin da aka ce sau uku a rana ana nufin a raba shi kusan awa takwas-takwas, ba a haɗa shi tsakanin azahar da isha ba. Da azumi kuma kada ki gyara lokutan da kanki. Ki tambaya ko akwai irinsa na sau biyu, idan babu, ai mara lafiya an yi masa rangwame ya sha ya rama.

Mazauna bakin iyaka suna da ƙarin dalilin riƙe sunan asali. Tsakanin Illela da Ƙonni 'yan kilomita ne, dangi ɗaya ne, aure da kasuwa duk a haɗe, magani kuma yana ƙetarawa ta kowane ɓangare, na nan da rubutun Ingilishi, na can da Faransanci. Amma sunan asali kusan iri ɗaya ne a harsunan biyu, ana rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban sunan kamfani. Ko ɗan firamare zai iya jera kwali biyu ya ga ko kalmar ta yi kama. Farasitamol da muke ɗauka kamar alewa, idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, babba ma ba ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini da kwana, yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa.

Sai kuma ingancin maganin kansa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Najeriya. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ko maganin ƙwarai ne, yawanci an rubuta a ajiye shi ƙasa da zafi 30 a ma'auni, alhali bazarar Sakkwato tana haura 40. To ina ga wanda ya yini a faranti a tsakiyar kasuwa?

Aikin Gida

Awon nan ba sai masu digiri ba. Mazaɓu suna da kwamitin ci gaba da ke sa ido a kan ƙaramin asibiti, kuma akwai kujerun mata a ciki. Mata goma na unguwa ɗaya za su iya sayen littafi guda, duk wadda ta je asibiti ko kemis ta zo a rubuta: magani nawa aka ba ta, akwai antibayotik, akwai allura, an gwada jini kafin maganin maleriya, ta san yadda za ta sha? A ƙara da layi ɗaya wanda masana ba su sa ba: ke kika roƙa, ko shi ya rubuta? Bayan wata uku sai a ƙirga, a kai wa shugaban asibitin cikin girmamawa, domin sau da yawa shi ma bai taɓa ganin lissafin aikinsa ba, kuma idan rashin kayan gwaji ne matsalar, takardar za ta taimaka masa wajen nema.

Kafin fitowa ta gaba kuma, kowacenmu ta ɗauko tata samirar ta zazzage a tabarma. Ki ware wanda kwanansa ya ƙare, da wanda ba ki san sunansa ba, da ragowar ruwan antibayotik da aka dama tun watan jiya, domin shi ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bayan an zuba masa ruwa. Kada ki zubar a inda yara ko awaki za su tsinta, ki ɗaure su a leda ki kai wa ma'aikacin lafiya. Sauran kuma ki jera su, ki sa ɗanki ko maigida ya karanta miki ƙananan baƙaƙen, ki ga guda nawa ne suke magani ɗaya.